Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Wa Zai Tsara Birnin Daura?

A hutun da ya wuce na koma gida Daura, na tarar da tsohona zaune bakin zaure ya yi tagumi. Da na tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce in biyo shi gona. Muka je, ga gero ya fara ƙosawa, amma a tsakanin kunyoyin an kakkafa duwatsun siminti masu lambobi. Wai waɗansu ma'aikata ne suka zo da mota, suka auna, suka tafi, ko sallama ba su yi wa kowa ba. Ya dube ni ya ce, "Kai da muka sa boko, faɗa mini, hanya ce za ta bi ta nan ko filaye za su yanka?" Na karanta masa lambar, na yi shiru. Kunyar da na ji a ranar ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Maganata guda ce. Daura tana bukatar tsari mai dogon zango, na shekara ashirin ko fiye, wanda zai faɗi inda gari zai miƙe da inda zai tsaya. Kuma duk tsarin da aka zana ba tare da bakin mazauna garin ba, mulkin mallaka ne ya sake riga, ko da kuwa ɗan gari ne ya riƙe alƙalamin.

Kada wani ya ce butulci nake yi. Kowa ya san abin da ya sauka a Daura tsakanin 2015 da 2023, lokacin da ɗanta Muhammadu Buhari yake shugabancin ƙasa. A 2019 aka buɗe asibitin sojojin sama, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamba. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara za ta ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk wannan alheri ne. Amma tarin ayyuka daban, tsarin gari daban. Kowace makaranta tana zuwa da dubban ɗalibai masu neman ɗakin haya da ruwan sha da wurin zubar da shara. Kowace tasha tana zuwa da kasuwa da manyan motoci da dillalan filaye. Shin a ina waɗannan za su zauna? Gonar wa za ta tafi? Ruwan da zai gangaro daga sababbin kwanukan rufi, gidan wa zai shiga?

Buhari ya sauka a 2023, Allah ya yi masa rasuwa ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a gidansa na Daura. Zamanin da aiki yake faɗowa daga Abuja domin ɗan gida yana kan kujera ya wuce. Abin da ya rage mana shi ne garin kansa, wanda ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarsa mutum sama da dubu 200, da masarautar da ta haɗa Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. In ba mu tsara wannan da hannunmu ba, dillali zai tsara mana shi da aljihunsa.

Abin takaici shi ne ba Turawa suka koya mana tsarin birni ba. Kakanninmu sun kewaye gari da ganuwa, suka bar fili a cikinta domin noma da ƴan baya. Ramin da suka haƙa ƙasar gini shi ya zama kududdufin da ke shanye ruwan damina. Sun yanke burtali domin kada shanu su shiga gona, sun ware filin Idi da maƙabarta da kasuwa. Hatta labarin Bayajidda da muke alfahari da shi, in ka dube shi da kyau, labarin ruwa ne: gari guda, rijiya guda, Kusugu, kuma ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Ban ce talaka yana da ƙuri'a a wancan zamani ba, ba shi da ita. Amma mai unguwar da ya nuna wa mutum inda zai yi gini a unguwar yake kwana, in ya toshe hanyar ruwa katangarsa ce za ta fara zubewa. Mai zanen yau kuwa a wani gari yake kwana, kuskurensa ba ya jiƙa masa tabarma.

Wanda ke ganin zane kaɗai ya isa, ya dubi maƙwabta. An yi wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda Baturen nan Trevallion ya jagoranta. An yi wa Kaduna nata a 1967 a hannun Max Lock, har da hangen shekarar 2017. Manyan littattafai ne masu taswira mai launi, cikin Turanci. To, yau ina yawancin kududdufan Kano? An cike su an yi gini. Ina badala? An zaftare ta gefe gefe. Tsarin da jama'a ba su san da shi ba, ba su da dalilin kare shi, ranar da mai kuɗi ya zo da takardarsa babu wanda zai ce masa nan hanyar ruwa ce. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar mallaka. A jiharmu ta Katsina, ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta ci rayuka sama da arba'in cikin dare guda. Wanda ya ga haka bai kamata a sake yi masa wa'azin rigakafi ba.

Ita doka fa? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana domin jama'a. In an karɓi gona saboda aikin gwamnati, diyyar shuka da gini ake biya, ba ta ƙasar kanta ba. Ashe ke nan manomin bakin gari shi ne ke biyan kuɗin bunƙasar birni da abin da ya gada, alhali shi ne na ƙarshe da ake gaya wa. Doka mai lamba 88 ta 1992 kan tsara birane ta tanadi a baje daftarin tsari a fili, jama'a su duba su kawo ƙorafi. A 2003 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta ce tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka babu sauran fakewa da Abuja. Mabuɗin yana Katsina da Daura.

Na san abin da za a ce. Za a ce talaka bai san taswira ba. Gaskiya ne bai san sikeli da kamfas ba. Amma ɗan garuwa ya san unguwar da famfo ya ƙafe, tsohuwar da ta shekara sittin a lungu ta san ta inda ruwa ke bi in an yi mamako, Bafulatani ya san inda burtali ya bi kafin a nome shi, direban da ke jigila zuwa Kongolam ya san kwanar da ke cin mutane. Wane injiniya ne zai tattara wannan ilmi cikin mako biyu a masauƙin baƙi? Za a ce shawara tana ɓata lokaci. To, wanne ya fi ɓata lokaci, wata shida na sauraro, ko shekara goma ta rusau da shari'a da gaba? Za a kuma ce ai an gana da hakimai da dagatai. Muna girmama iyayen ƙasa, kuma babu tsarin da zai yi ƙarko in babu fada a ciki. Amma a taron da babba ya yi magana kowa ya ce "ranka ya daɗe", ba a ji ta bakin matan da ke cikin gida ba, ba a ji ta ɗan haya ba, ba a ji ta almajiri ba. Wannan sanarwa ce, ba shawara ba.

Kuma abin ba mafarki ba ne. A birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil, daga 1989 aka fara tara mazauna unguwanni su zaɓi ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kasafin kuɗin birni. Talakawa ne irin namu, abin da suka fi nema kuwa shi ne ruwa da magudana da hanya.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu nema. Na farko, in akwai taswirar makomar Daura a cikin wata durowa, a fito da ita, a fassara ta da Hausa, boko da ajami, a liƙa a ƙofar fada da sakatariya da kasuwa, a karanta a rediyo. In babu, a fara. Na biyu, a zauna unguwa unguwa da ƙauye ƙauye, mata su yi nasu zama, a rubuta abin da kowa ya faɗa, hukuma ta ba da amsa a rubuce kan abin da ta ɗauka da abin da ta ƙi. Na uku, tun yanzu a shata abin da ba na sayarwa ba ne: hanyoyin ruwa, kududdufai, burtali, maƙabartu, filayen makarantu da sauran ganuwa. Na huɗu, kada a sake kafa dutse a gonar kowa sai an faɗa masa dalili da diyya. Na biyar, a riƙa duba tsarin duk shekara biyar a bainar jama'a, domin kada ya mutu da gwamnatin da ta haife shi.

Ƴan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, zargin nan har da mu. Gobe mu ne masu riƙe da awo, mu ne masu sa hannu a fayil, kuma mu ne za a fara yi wa tayin fili a sabon yanki domin mu yi shiru. Kuɗin gero da gyaɗar talakawan nan aka tara aka koya mana karanta taswira. Mafi ƙarancin sakayya shi ne mu koma unguwanninmu a hutu mai zuwa, mu zauna da su, mu rubuta inda ɗakinsu yake yoyo, mu kai wa hukuma da sa hannunsu. Ni dai tsohona yana jiran amsa, kuma dutsen yana nan tsakiyar gonarsa.