Uwar Ƙungiya, Ƴaƴanki na Bakin Iyaka Suna Cigiyarki

Akwai wata magana da ake ta yaɗawa kwanan nan, a fada, a tasha, har a WhatsApp: wai zamanin sandika ya wuce. Wai ƙasa tana cikin yaƙi, don haka duk mai neman haƙƙinsa ya dakata tukuna. Wai ƙungiyoyin ƙwadago ne suka jawo mana rikici tun 1991, yau yajin aiki, gobe yajin aiki, har lakwal ta lalace. Ni dai ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina. Amma kada shugabannin ƙwadago na Yamai su yi saurin tafa mini, domin wuƙar da na zaro baki biyu gare ta. Daga Tunuga nake rubutu, tsakanin Kamba da Malanbil, kuma daga nan ana hango abin da ba a gani daga ofis mai sanyi.

Mu fara da masu cewa sandika ba ta taɓa tsinana komai ba. Jama'a, wa ya ba ma'aikacin ƙasar nan hutun shekara da awa 40 na aiki a mako? Nasara ne ya tashi da safe tausayi ya kama shi? Aikin tilas kansa sai a 1946 aka soke shi. Dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mulka kuwa sai a watan Disamba na 1952 ta fito, bayan ma'aikatan Afirka ta Yamma sun ajiye aiki gaba ɗaya ranar 3 ga Nuwamba na wannan shekara. A Nijar, mutumin da ya fi kowa suna a wannan gwagwarmaya shi ne Jibo Bakari. Ɗan sandika ne kafin ya zama magajin garin Yamai a 1956, kafin ya shugabanci gwamnati a 1957. Ku riƙe wannan da kyau, don zan dawo kansa: ƙarfin Jibo da Sawaba a wurin talaka yake, direbobi da yaran mota, magina, teloli, ƴan dako, boyi-boyi na gidajen Turawa. Da ya ce a'a ga Janar de Gaulle a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, aka ture shi, a 1959 aka haramta Sawaba.

A 1960 aka kafa UNTN, ita ce daga baya, a zamanin Seyni Kunce, ta koma USTN. Gaskiya ɗaya ce: shekara talatin ɗin farko uwar ƙungiyar a ɗaure take. Zamanin Jori Hamani tana gindin jam'iyyar RDA, zamanin soja kuma aka ce ta riƙa tafiya tare da gwamnati cikin sanin ya kamata. Ma'ana, a ba ta kujera a wurin taro, ita kuma ta kama bakinta. To me ma'aikaci ya samu da wannan ladabi? Da kuɗin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, Bankin Duniya da FMI suka zo da tsarin tsuke bakin aljihu, ai a kan ma'aikacin da ɗalibi aka fara sauke gatarin.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka kwanta dama. Daga ranar USTN ta tsinke igiyar da ke wuyanta. Ta haɗa kai da ƙungiyar ɗalibai ta USN, ta shiga kiran yajin aiki, har na kwana biyar a watan Nuwamba wanda ya tsayar da ƙasa cak. Ranar 15 ga wannan wata Janar Ali Saibu ya amince da jam'iyyu barkatai. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka yi taron gamin gambiza, wakilai sama da 1,200, Farfesa André Salifou na shugabanta, USTN na cikin manyan masu faɗa a ji. Duk wanda ya taɓa jefa ƙuri'a a ƙasar nan, duk wanda ya taɓa buɗe jarida ko ya yi magana a rediyo mai zaman kanta, ya ci albarkacin waɗannan ma'aikata da suka yarda a yanke musu albashi. Har mai zagin sandika a Facebook yau, bakin da yake zagin da shi, su suka buɗe masa.

An ce yajin aiki ya yi yawa a shekarun 1990. Haka ne, ya yi yawa. Amma a faɗi gaskiya duka mana. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Ma'aikata suna bin gwamnati bashin albashi na watanni. Mushe da ya yi wata uku bai ga ko dala ba, mai shago ya rufe masa littafin bashi, mai gida na ƙwanƙwasa ƙofa, me ake so ya yi? Ya shiga aji ya koyar da lissafi da yunwa? Wanda ya hana biya shi ya rufe lakwal. Ba a dukan mutum a hana shi kuka.

Sau biyu kuma bayan nan ƙwadago ta nuna amfaninta. A 2005 gwamnatin Tanja Mamadu ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. Ƙungiyoyin farar hula da ƴan sandika suka haɗu, aka yi gangami a watan Maris, aka yi ranar zaman gida, kasuwanni suka rufe. An kama Nuhu Arzika da Musa Cangari da wasu, har da jagoran sandikar malamai, amma a watan Afrilu gwamnati ta ja da baya a kan mafi yawan kayan. A 2009 da batun tazarce ya taso, uwayen ƙungiyoyi bakwai suka tsaya a inuwa ɗaya ta ITN suka ce ba su yarda ba. Wannan shi ne tarihin. Wanda ya ce ba a yi ba, ya kawo nasa.

To yanzu na juyo gare ku, kamarad na Yamai, kuma ku yi haƙuri da ni.

Wannan gado da aka bar muku, ina kuka kai shi? A 1990 uwa ɗaya ce, in ta yi tari ƙasa ta ji. A zamanin Bare aka samu CNT, a 2001 CDTN ta ɓalle daga USTN, yau uwayen ƙungiyoyi sun haura goma. Da aka yi zaɓen wakilcin ma'aikata a 2019, CDTN ce ta zo ta ɗaya, USTN mai tarihi ta koma baya. Ku gaya mini, wane bambancin aƙida ne ya kai gida goma? Ma'aikatan Nijar nawa ne duka-duka? Kowa ya san amsar: duk wanda ya faɗi zaɓe a babban taro sai ya kwashe mutanensa ya sa a sassaƙa masa hatimi. Kowa na son a kira shi sakatare janar, a ba shi kujera a majalisar gudanarwa, a tura shi taro Janeba. Ita kuwa gwamnati, ta farar hula ko ta soja, wannan ai gaba ta kai ta. In ɗaya ta kira yajin aiki, sai a gayyato uku a sha shayi da su a nuna a talabijin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga sakamakon nan a fili. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012, sama da shekara goma, kafin a kai shi jika 42 a 2024. A cikin waɗannan shekaru sau nawa farashin buhun shinkafa ya motsa? Mafi yawan malaman da ke riƙe da azuzuwan firamare na ƙasar nan ƴan kwantiragi ne, ɗan abin da ake ba su ma sai ya yi latti. Kowace 1 ga Mayu a ɗinka anko, a yi maci, a miƙa wa minista kundin koke-koke, ya karɓa da murmushi. Baɗi a sake buga kundin, a canza shekara kawai.

Amma babban laifin da nake gani ya wuce rarrabuwa. Sandikarmu ta zama ta mai lambar albashi kaɗai. A Nijar kuwa mai lambar albashi ɗan tsiraru ne. Ku zo Gaya ku gani. Tun da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga Yuli 2023, gadar da ta haɗa mu da Malanbil ta rufe. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu. Wannan gada ita ce babbar ƙofar kayan da ke shigowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ban zo yin gardama a kan dalilan tsaro da hukuma ta bayar ba. Tambayata ita ce: mutanen da ke ci daga wannan hanya fa? Ɗan dako mai sauke kaya, yaran mota, bakanike, mai faci, ɗan kabu-kabu, matar da ke sayar da abinci a bakin tasha, yaron da ke cike takardun fito. Wa ya ƙidaya su? Wa ya zauna da hukuma a madadinsu ya ce, tunda an rufe don ƙasa, to ga abin da ƙasa za ta rage musu? Ma'aikacin gwamnati ko an yi latti albashinsa zai zo. Ɗan dako in bai ɗauka ba yau, gidansa ba a ɗora tukunya.

Da hanya ta toshe, jama'a suka koma kogi. Masu kwale-kwale ke ƙetarar da mutane da kaya, ana lodi fiye da kima, fasinja na biyan kuɗi hawa-hawa kafin ya taka tudu. Wannan ba aiki ba ne? Mai tuƙin ba ma'aikaci ba ne? Haka manomin shinkafa na Gatawani da Dole, haka matan da ke dafa gishiri a Foga, haka leburan rake. Gumi dai gumi ne. Jibo Bakari da irin waɗannan mutane ya gina ƙarfinsa, ku kuwa kun bar su a hannun ƴan kamasho da masu karɓar na goro. Shi ya sa ranar da aka zo taɓa ku, talaka bai ji a jikinsa ba.

Kuma an zo ɗin. A watan Afrilu na 2025 aka rusa sandikar ma'aikatan duwan da ta jami'an gandun daji. A watan Agusta aka rusa sandikokin ɓangaren shari'a, har da SAMAN ta alƙalai, aka kuma kori sakatarenta daga aiki. Lauyoyi sun ajiye aiki na kwana biyu don nuna rashin yarda. Na san akwai masu murna, musamman nan bakin iyaka inda kowa ke da labarin da zai bayar a kan duwan, kowa kuma ya san shari'a na da nata ciwon. Amma ɗan'uwa, in jami'i ya ci hanci, a kama shi, a kai shi kotu, a hukunta shi da sunansa. Rusa ƙungiya da takarda ɗaya daga ofishin minista wani abu ne daban. Nijar ta sa hannu tun 1961 a yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana hukuma rusa sandika da umarnin ofis. Alƙalamin da ya soke ta alƙalai yau, tawadarsa ba ta ƙare ba. Gobe ta malamai ce, jibi ta ma'aikatan asibiti. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maƙwabtanmu na Kamba za su ba mu labari. A 1994 Janar Sani Abacha ya rushe shugabancin NLC da na ƙungiyoyin ma'aikatan man fetur, ya ɗaure jagororinsu. Najeriya ta gyaru da haka? Bayan rasuwarsa dole aka mayar wa ma'aikata ƙungiyarsu, kuma ita ce ta tsaya a Janairun 2012 har gwamnati ta rage kuɗin man da ta ƙara. Kishin ƙasa da neman haƙƙi ba kishiyoyi ba ne. Sojan da ke bakin daga, matarsa a asibitin gwamnati take haihuwa, ɗansa a hannun ɗan kwantiragi yake karatu. In waɗannan sun samu mai tsaya musu, shi ma an tsaya masa.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba na roƙo ba ne. Ga hukuma: a janye takardun rusa sandikoki, wanda ake zargi da laifi a kai shi gaban alƙali. Ga uwayen ƙungiyoyi, USTN a gaba tunda ita ce babba a shekaru: ku koma tebur ɗaya da kundi ɗaya, ko da kowa zai riƙe hatiminsa. Ku bayyana wa membobinku kuɗin da ke shigowa da inda yake tafiya. Wanda wa'adinsa ya cika ya kira babban taro ya sauka, don ba ka neman dimokuraɗiyya a waje kana tazarce a gida. Sannan ku fito daga Yamai. Ku zo Gaya, ku je Ƙonni, ku je Ɗan Isa da Magarya, ku zauna a kan benci da ƴan dako da ƴan kabu-kabu da masu kwale-kwale, ku yi musu kati daidai ƙarfinsu, ku sa kukansu a shafin farko na kundin 1 ga Mayu.

Mu ma na ƙasa akwai namu. Malamin da ba ya biyan kuɗin ƙungiya, ba ya zuwa taro, sai ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya fara neman lambar sakatare, shi ma ya taimaka wurin kashe ta. Ƴan tasha da ƴan bakin kogi, kada ku jira sai an zo daga Yamai. Ku haɗu, ku zaɓi naku, ku rubuta sunayenku, ku yi asusu. Waɗanda suka yi 1952 ba su da waya, ba su da mota, da yawansu ko karatun boko ba su yi ba, amma sun sa Faransa ta sa hannu.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake, ya zo da hujja da shekara. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa gumin kowa ya amfane shi.