Daga Kurfi Zuwa Dutsin-Ma, Amma Ta Hanyar Turai

Duk wanda ya tashi a shekarun 1990 zai tuna da gidajen gem: ɗaki guda, talabijin da janareta, yara sun yi cincirindo suna jiran a doke wani su karɓi hannu. Zamanin Sega ke nan, da Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992, kafin PlayStation ta zo da ƙwallon Winning Eleven ta share fage. Injinan sun daɗe da mutuwa, amma wasannin suna raye. Akwai manhajojin kwaikwayo, irin su MAME da Nicola Salmoria ya fara a 1997, waɗanda ke sa kwamfuta ta ari halin tsohon inji har wasan ya gudana kamar da. Daga bisani Kaillera da Fightcade suka bai wa mutum biyu damar karawa ta intanet, kowa yana gidansu.

To, a nan gizo ke saƙar. Mu ɗauka ɗalibi yana Dutsin-Ma, abokinsa ya tafi hutu Kurfi ko Kuki, suna son su kara. Kamfanonin waya kan haɗa masu layi da yawa a kan adireshin intanet guda, saboda haka wayar ɗaya ba ta iya ƙwanƙwasa ƙofar ɗayar kai tsaye. Sai an samu ɗan tsakani, wato kwamfutar da ake kira uwar garke, wadda ke karɓar dannawar wannan ta miƙa wa wancan. Akasarin irin waɗannan kwamfutoci a Turai da Amurka suke.

Mai karatu, mu yi lissafi. Waɗannan wasanni kan nuna hoto 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana da kimanin milisakan 17. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Daga Katsina zuwa Legas akwai kusan kilomita 1,000, wayar MainOne da ta bi ƙarƙashin teku zuwa Fotugal kuma kilomita 7,000 ce. Zuwa da dawowa 16,000 ke nan, milisakan 80, kafin a ƙara jinkirin turken sadarwa da cunkoson layi. Hoto biyar sun wuce kafin naushin ɗan Kurfi ya isa Dutsin-Ma. Masu fasaha sun ƙirƙiro dabara, irin ta GGPO, inda manhaja ke hasashen abin da abokin karawa zai danna, in ta yi kuskure ta koma baya ta gyara. Dabarar tana rufa asiri, amma ba ta rage nisan teku.

Na san iyaye za su ce, ana ga yaƙi kana ga ƙura: yankin da ke fama da 'yan bindiga, wa ke ta wasa? Suna da hujja, domin wasa ya sha cinye lokacin karatu da na salla. Sai dai wasan ma'auni ne da ba ya ƙarya, yana tona mana inda bayananmu ke kwana. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku sun yanke a gaɓar Yammacin Afirka, harkar banki ta tsaya wa mutanen da ba su taɓa ganin teku ba. A Satumbar 2021 kuwa, da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, duk abin da ke ajiye a nesa ya gagare mu. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka rufe ƙofa da yunwa zai kwana.

Shawarata ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ita ce su ware tsohuwar kwamfuta ɗaya da farantin sola, su danƙa wa ɗaliban kimiyyar kwamfuta su mayar da ita uwar garke. Waɗannan wasanni ba su da nauyi, dannawa kawai ake aikawa. Ɗalibin da ya kafa ta zai koyi Linux, da buɗe ƙofofin sadarwa, da tsare su daga masu kutse, da auna jinkiri, abubuwan da allo da alli ba sa koyarwa. In an so a fita da ita wajen makaranta, a nemi masauki a cibiyar bayanai ta Kano ko Abuja, inda tafiyar ba ta wuce ɗaruruwan kilomita ba.

Sharaɗi biyu ne. Yawancin tsoffin wasannin nan har yanzu suna da masu haƙƙin mallaka, don haka a tsaya kan waɗanda masu su suka sake kyauta, ko waɗanda ɗaliban suka rubuta da kansu. Sannan a ƙayyade lokaci, kada wasa ya hau kan darasi.

Hannun da ya iya riƙe uwar garken wasa a yau, shi zai riƙe ta asibiti da ta rajistar ɗalibai gobe. Da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya ba mu zaman lafiyar da za mu yi wasan da karatun.