Littattafan Soyayya: Laifin Marubuta Ne Ko Na Iyaye?

Ɗalibanmu mata na Islamiyya a Gurbin Bore sun koka mana cewa littattafan soyayya sun gundure su, wai tun daga shafin farko sun san ƙarshe: saurayi talaka, Alhaji mai kuɗi, auren dole, sai boka, sai kuka. Gaskiya suka faɗa. Tun daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991 har waɗanda ake turawa ta WhatsApp, tuwon ɗaya ne, miya kawai ake sakewa.

Ba mu goyon bayan waɗannan littattafai, kuma batsar da ta shiga wasunsu haramun ce. To amma a 2007 an ƙona su a Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ba su mutu ba. Ina za su mutu, alhali iyaye suna aurar da 'ya'yansu ba da yardarsu ba? Abin da marubuci ya gani a gidajenmu shi yake kwafa.

Shin malamanmu sun manta da Khansa'u bint Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba ta so, Manzon Allah (SAW) ya warware auren? Hadisin yana cikin Bukhari. Sau nawa aka karanta shi a wurin ɗaurin aure tsakanin Zurmi da Shinkafi?