Kutsen intanet: Wa ke gadin shafukanmu?

Ranar Asabar, 28 ga Maris na 2015, yayin da 'yan Nijeriya ke kan layi suna jiran kaɗa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa, sai aka wayi gari wasu da suka kira kansu Nigerian Cyber Army sun kutsa cikin shafin intanet na Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, sun share fuskarsa sun liƙa nasu saƙon. An maido da shafin a ranar, kuma abin bai taɓa sakamakon zaɓe ba, domin a kan takarda ake tattara shi. Amma duk mai hankali ya san cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Idan har hukuma mai kasafin biliyoyin naira za ta ga haka, ina ga makarantar kuɗi, ko asibiti, ko ƙungiya, ko ƙaramar jarida da ke tafiyar da shafinta da kanta?

Tun daga lokacin abin sai ƙaruwa yake yi. A watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, 'yan kutsen da aka sani da Anonymous sun yi iƙirarin kai hari kan shafukan hukumomi da dama, kuma an ƙwace shafin Twitter na Hukumar Kula da Kafofin Yaɗa Labarai, NBC, na ɗan lokaci. Bayan zaɓen 2023 kuwa, ministan sadarwa na wancan lokaci, Farfesa Isa Ali Pantami, ya bayyana cewa an ƙirga yunƙurin kutse kusan miliyan 13 a kwanakin da suka kewaye zaɓen shugaban ƙasa.

A ganina, babbar cutarmu a nan ita ce ɗabi'ar kwangila. Mun ɗauki shafin intanet tamkar ginin aji ko rijiyar burtsatse: a ba da aikin, a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Ba a ware ko sisi don kulawa da shi, kalmar sirrin shiga tana hannun yaron da ya yi aikin, shi kuwa ya daɗe da canza lambar waya. Alhali shafi ya fi kama da gona; idan aka bar ta damina guda ba noma, ciyawa ce za ta cinye ta.

Da yawa daga cikin masu shafuka sukan ce, “Mu me muke da shi da za a sata?” Wannan rashin fahimtar yadda kutse ke gudana ne. Mafi yawan hare-hare ba mutum ne ke zaune yana neman ka da suna ba. Manhajoji ne aka saki suna zagaya intanet dare da rana, suna taɓa kowace ƙofa don su ji wadda ba a kulle ba. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan manhajar WordPress aka gina su, kuma akasarin ɓarakar da ake ganowa tana cikin ƙananan manhajojin da ake ɗora mata ne. Da zarar an sanar da wata ɓaraka tare da maganinta, ɓarayi ma sun ji, sai su bazama neman waɗanda ba su sabunta ba tukuna.

Misalin kamfanin Equifax na Amurka ya isa darasi. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka a manhajar Apache Struts da kamfanin ke amfani da ita, amma bai saka gyaran ba. Ta wannan kafa aka shiga aka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 147, kuma a 2019 kamfanin ya amince ya biya har dala miliyan 700 don sasantawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, me za a sata a wurinmu? Sunayen ɗalibai da hotunansu, lambobin NIN, lambobin wayar iyaye, bayanan marasa lafiya. Ko babu waɗannan, akwai sunan hukumar kanta: a kafa sanarwar ɗaukar ma'aikata ta ƙarya a shafinta na gaskiya, a karɓi kuɗin matasan da ke neman aiki ido rufe. Jarida kuwa, labari guda na ƙarya da aka cusa mata game da addini ko ƙabila zai iya tayar da wutar da ba ta kasuwa cikin sauƙi a garuruwanmu.

Doka ma ta daina ɗaukar sakaci a matsayin ƙaddara. Ban da dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa kwaskwarima a 2024, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da su. Tarar manyan cibiyoyi na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Maganin kuwa ba mai tsada ba ne. A riƙa sabunta manhaja da zarar gyara ya fito, a cire duk wani ƙari da ba a amfani da shi. Kowane ma'aikaci ya sami tasa kalmar sirri mai tsawo, a haɗa ta da makulli na biyu, wato lambar da ke fitowa a waya, kuma a toshe hanyar duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. A ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam, a riƙa gwada maido da shi. Rajistar sunan shafin ta kasance da sunan hukuma, ba da sunan ɗan kwangila ba. Bayanin da ba a buƙata kuma kada a tara shi tun farko.

Kirana ga shugabannin makarantu, da asibitoci, da kafofin labarai shi ne su tambayi kansu yau: wa ke riƙe da makullin shafinmu, kuma yaushe rabon da a sabunta shi? Duk wanda ba shi da amsa, to amanar jama'a ce ya ajiye a bakin hanya. Allah Ya ba mu ikon kiyaye amana.