Lafinta tamu ce, a daina aron abin da muke da shi

Jama'ar Zango, ga wani abin takaici. Yanzu in za a fitar da ankon biki a Nima ko Kumasi, sai ka ji 'yan mata suna cewa launin "labanda" suke so, suna karya harshe, wai Hausa ba ta da sunansa. Wa ya faɗa musu?

Kalmar nan ta daɗe da shigowa bakin kakanninmu, suka sarrafa ta ta zama lafinta, har ta koma sunan turaren kwalba. Asalinta kuwa tsiro ne, ɗan gajere mai siraran ganye, da ke son rana da ƙasa mai tsakuwa. Larabawa na kiransa khuzama. A kudancin Faransa gonakinsa kan yi fure a watannin Yuni da Yuli, a yanke furen a turara shi da tururi, a tatso mansa. Launin furen, shunayya mai haske da ta ɗan karkata zuwa toka, shi ne abin da ake wa wannan yanga.

Mutanen da suka ce ruwan goro, ruwan toka, ruwan ɗorawa, me zai hana su ce ruwan lafinta? Teloli da masu sayar da atamfa, ku ya kamata ku fara, domin daga shagunanku yaran suke ɗaukar sunayen launi.