Kafin a Kunna Rana a Cikin Tukunya, Wa Zai Yi Waldar?

A watan Disamba na 2022, masana a cibiyar Lawrence Livermore ta Amurka suka haɗe ƙwayoyin zarra, suka samu makamashin da ya ɗara wanda hasken lesa ya zuba a kansu. Wannan haɗewa ita ce sirrin zafin rana. A Kadarash, kudancin Faransa, ana gina na'urar ITER domin riƙe iskar gas mai zafin digiri miliyan 150 a tsakanin maganaɗisun da aka sanyaya zuwa digiri 269 ƙasa da sifili.

Digirin dakta kaɗai ba ya gina irin wannan tukunya. Tana buƙatar mai waldar da ɗinkinsa ba ya yoyo, da gwanin wayarin, da masanin bututun sanyi. Wannan ne ya sa zancen ya shafi Malam Madori.

Garin ya bunƙasa ne albarkacin layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930. Mun yi dakon gyaɗa zuwa tasha, amma ba a ƙasarmu aka ƙera kan jirgin ba. Da cinikin ya ja baya, sai garin ya ji a jikinsa.

Ba cewa nake yi Jigawa ta gina na'urar haɗe zarra ba. Najeriya ba ta cikin ƙasashen ITER, ƙaramar na'urar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004 kuwa fasa zarra take yi. Hujjata ita ce, hannun da waccan masana'anta za ta nema gobe shi ne wanda fadamar Haɗeja ke nema yau. Idan famfon sola ya tsaya ana tsakiyar noman rani, manomin shinkafa ba lacca yake so ba, mai gyara yake so.

Wani zai ce in mun horar da su, Turai za ta kwashe. Wasu za su tafi, babu shakka. To amma wanda bai iya komai ba ma tafiya yake yi, sai dai ci-rani.

Saboda haka a wadata Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja da injuna masu aiki da wutar da ba ta yankewa, a gwada ɗalibi da abin da hannunsa ya ƙera, a ba shi shaidar da ake karɓa a ƙetare. Iyaye kuma mu daina ɗaukar makarantar sana'a a matsayin mafakar wanda ya faɗi jarrabawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.