Turaren naka ne, amma iskar ajin ta kowa ce

Na san wannan rubutun zai jawo mini zagi, musamman daga ƙawayena masu tallar turare a sitatus, amma na riga na shirya. Wadda ta ga dama ta cire ni daga girup, Allah ya haɗa mu da alheri. Ku dai daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi mini ruwan martani.

Ranar Talatar da ta wuce muna siminar, mu kusan arba'in a ɗan ƙaramin ɗaki, ƙarfe biyu na rana. Kun san zafin Gombe na watan Afrilu, ba sai na tsaya bayani ba. Babu wuta, fanka a tsaye, taga biyu sun ƙi buɗuwa. Sai ga wani ɗan ajinmu ya shigo. Wallahi turarensa ya riga sallamarsa isowa. Ba a yi minti goma ba 'yar uwar da ke zaune kusa da ni ta fara tari, daga tari numfashinta ya koma fita da ƙara kamar usur. Tana da asma. Ta laluba jaka ta ɗauko inhela ta shaƙa, abin bai lafa ba. Haka muka riƙo ta muka fito, muka tari Keke Napep sai asibiti. Ita ce ta uku a jerin masu gabatarwa. Wata biyu ta yi tana shiri, ga miji ga yara biyu, kullum sai ta yi sammako daga Tumfure. An ɗage mata sai zagaye na gaba, kuma duk wanda ke digiri na biyu ya san abin da ɗage siminar yake nufi.

Washegari na tari mutumin cikin lalama. Ya yi dariya ya ce, "Haba Adda, ni fa sau takwas kawai na fesa, ko jinsa ma ba na yi." Sau takwas. Kawai.

Abin haushin shi ne, ba ƙarya yake ba. Da gaske ba ya ji. Hancin ɗan Adam yana gajiya da ƙamshin da ya zauna masa. Bayan 'yan mintuna ƙwaƙwalwa sai ta daina kula da shi, kamar yadda mai ɗaki ba ya jin warin ɗakinsa sai baƙo. To kai da ka daina ji sai ka ɗauka turaren ya tashi, ka ƙara fesawa a bakin get, ka ƙara a bakin aji. Kai ba ka ji, mu kuma muna ta maƙurewa. In har kana jin turarenka da ƙarfi bayan awa uku, to na kusa da kai yana cikin azaba.

Wannan ita ce cutar da ta kama mu, 'yan GSU, 'yan Kashere, 'yan FCE, har ma'aikatan ofis, ban cire kowa ba. Mun daina tambayar mai turare ko wannan zai dace da ni. Tambayarmu ɗaya ce: "Yana kama jiki? Yana kwana nawa a kaya?" Masu talla kuma sun gano lagonmu. Wai turaren da zai sanar da zuwanki. Wai wanda in kin wuce sai an waiwayo. 'Yar uwa, ana waiwayowa kam, amma kin tabbata yabo ake yi?

Sai bin yayi. Wata ta fito a TikTok ta ce Yara, duk hostel ya koma Yara. Aka ce Khamrah, kowa Khamrah. Maza kuma in ba Asad ba, to Club de Nuit. Ni ban ce turarukan nan ba su da kyau ba, masu su sun san aikinsu. Abin da nake cewa, turare mai zaƙi da nauyi irin na kirfa da dabino da banila zai yi daɗi da sanyin Disamba ko cikin ɗaki mai iyakwandishan. Ki zuba shi a jikin da ya sha rana daga Pantami zuwa makaranta a kan acaɓa, zafi ya kusa digiri 40, gumi yana tsiyaya, sai ya koma wani abu daban. Zafi yana sa turare ya tashi da sauri da yawa lokaci guda. Fesa biyun watan Afrilu ya fi fesa biyar na hunturu ƙarfi.

Kuma jiki ba ɗaya ba ne. Mai maiƙon fata turare ya fi daɗewa a jikinta, mai busasshiyar fata nan da nan yake tashi. Yawan gumi, irin man da kike shafawa, sabulun da kika yi wanka da shi, duk suna shiga cikin ƙamshin da zai fito. Hanci ma haka. Mutum yana da nau'in masu karɓar ƙamshi kusan 400 a hancinsa, binciken da ya gano tsarinsu shi ya ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004, kuma nawa da naki ba iri ɗaya ba ne. Akwai mutanen da wasu nau'in almiski sam ba sa jinsu, alhali na gefensu kansa sarawa yake. Shi ya sa turaren da ya yi wa ƙawarki daɗi zai iya yi miki ƙarni. Ba asiri aka yi miki ba, ba kuma lallai jabu aka ba ki ba. Jikinku ne ya bambanta.

Kar a ce na fiye wa'azi, bari in tona kaina. Ni da nake karatun kimiyyar sinadarai, bara na sayi wani turaren mai a hannun wata mai kawowa hostel. 'Yar kwalba ce, babu suna, babu komai sai wata 'yar takarda da aka rubuta da biro. Ƙamshin lemo-lemo, ya yi mini daɗi. Na shafa a wuya na shiga rana. Bayan kwana biyu wurin ya yi ja yana zafi, daga baya ya koma baƙin tabo, har da sawun yadda man ya gangaro. Wata biyar ina rufe shi da hijabi ko a cikin gida. Da na je wurin likitan fata, tambayar farko da ya yi mini ita ce me nake shafawa a wurin. Man ɓawon wasu lemuka, musamman wanda ake kira bergamot, in ba a tace shi ba yana ɗauke da sinadarin da ke ƙona fata idan ya haɗu da hasken rana. Mu kuma masu baƙar fata, duk inda ya yi kumburi sai ya bar tabo mai daɗewa. Na koma wurin mai turaren na tambaye ta me ke ciki. Ta ce, "Anti, ni ma saro shi na yi." Ban ga laifinta sosai ba, gaskiya ta faɗa. Amma ku duba: ba ta sani ba, wanda ya sayar mata wataƙila bai sani ba, ni kuma na shafa a wuyana.

A Tarayyar Turai doka ta tilasta a rubuta sunayen sinadaran ƙamshi 26 da aka san suna tayar wa fata, in suna cikin kaya. A 2023 suka faɗaɗa jerin ya haura 80. Wani mai suna Lilial, wanda a jikin kwali ake rubuta shi Butylphenyl Methylpropional, sun haramta shi tun Maris 2022 saboda fargabar illa ga haihuwa. Ko wasu da aka halatta, irin limonene da linalool, in kwalba ta daɗe tana shan iska da zafi sukan canja su fi saurin jawo ƙaiƙayi. Yanzu ku tuno kwalaben da ke jere a tire ko bayan mota, rana tana dukansu tun safe a hanyar Babbar Kasuwa. Mu a nan ko lambar NAFDAC ba ma dubawa. Mukan duba kwanan watan madara, amma abin da za mu shafa a fata kullum, mu shaƙa kullum, ko oho.

Masu shafa man bilicin kuma ku ji da kyau. Da yawa daga mayukan nan suna da maganin da ke sa fata ta yi siriri. Fatar da ta riga ta yi rauni, ki zo ki watsa mata turare mai ƙarfi, me kike jira in ba ƙuraje ba?

Na san amsoshin da za su zo, bari in rage muku wahala.

Za a ce turare sunna ne. Ƙwarai kuwa, Annabi (SAW) yana son turare, kuma an kwaɗaitar da shi musamman ranar Juma'a. Amma addinin nan dai shi ne ya ce wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci don kar ya cutar da mutane. In an hana ka damun jama'a da warin baki, ta ina aka halatta maka toshe wa wani numfashi? Malamai suna nan, a tambaye su, ni ɗaliba ce. Amma ban taɓa jin inda aka ce sai ka fesa takwas ladan zai cika ba.

Za a ce gara ƙamshi da wari. Wa ya ce zaɓin biyu ne kawai? Akwai na uku, sunansa wanka da wankakkiyar riga. Turare a kan gumin jiya ba ya kashe wari, aure suke yi su haifi abin da ya fi su muni. Duk wanda ya taɓa shiga lakcar ƙarfe huɗu ya san abin da nake nufi.

Za a ce ai humra da turaren wuta namu ne na gargajiya, ba su da illa. Ni jikar masu humra ce, Dadata har ta rasu da kanta take haɗa tata. Ta jiƙa farce ta wanke ta soya ta daka, ta haɗa da sandal, ta zuba Bintu Sudan, turaren nan da ke kasuwa tun 1920 kuma har a Kano ake haɗa shi, sannan ta rufe ta ajiye ya yi makonni kafin a taɓa. Amma Dada ɗigo take sawa a bayan kunne da cikin zani, sai ka matso ka gaishe ta za ka ji. Mutanen Borno da muka koya a wurinsu sun san wannan ladabin. Kuma kasancewar abu daga itace ya fito ba ya hana shi cutarwa, barkono ma shuka ne. Balle yanzu da yawan humrar da ake sayarwa mayukan kanti ne aka gauraya. Itacen oud na gaske, wanda ake samu a Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, yana cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya. Wanda ya ba ki oud a kuɗin katin waya, haɗin masana'anta ya ba ki. Ba laifi ba ne, amma a daina ce mana daga daji aka sassaƙo shi.

Turaren wuta a hostel kuwa magana ce mai zaman kanta. Ɗaki ɗaya mutum shida ko takwas, a rufe ƙofa da taga don ƙamshi ya kama labule, a hura gawayi a kasko. Hayaƙi hayaƙi ne ko da na sandal ne, gawayi kuma a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ke kisa ba tare da an ji warinta ba. Kin taɓa tambayar 'yan ɗakinku ko akwai mai asma, ko mai ciwon kai na ɓari ɗaya, ko mai ƙaramin ciki?

Za a ce ina kashe wa mata kasuwa. Ni na fi kowa sanin cewa da kuɗin turare wasu ke biyan rajista. Ba na so ku daina, so nake ku gyara. Ki san inda kika saro. Ki ajiye kayanki a inuwa. Ki tanadi ƙananan kwalabe na gwaji. In mutum ya ce fatarsa ba ta son abu, kar ki ce "ai wannan ba ya yi wa kowa komai", don ba ki sani ba. Mai sayen da bai yi ƙuraje ba shi ne zai dawo ya kawo miki wasu.

Mu masu saye kuma, ga abin da na koya bayan na ji jiki. Kar ki yanke hukunci da shinshina murfi. Ki sa a hannunki ki tafi harkarki. Ƙamshin farko cikin kwata ɗaya yake wucewa, wanda za ki zauna da shi sai bayan awa biyu ko uku yake bayyana. Kar ki gwada fiye da uku a lokaci guda, hanci zai rikice. In fatarki mai saurin tashi ce, ki shafa kaɗan a lanƙwasar hannu ta ciki safe da yamma har mako guda, don irin wannan ƙaiƙayin yakan ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya fito. Ya yi ja ko ƙaiƙayi, ki haƙura da shi ko nawa kika saya. Za ki shiga rana, kar ki sa a wuya ko ƙirji, sa a tufafi. Ki ware mai sauƙi na zuwa aji da laburare da asibiti, mai nauyin ki adana wa biki da gida. Hamma, kai ma haka: fesa ɗaya ko biyu ya isa aji. In kana shakka, tambayi wanda ba ya jin kunyarka, ba budurwarka ba.

Shugabannin aji, ku ma da aikinku. Yadda kuke sanar da a kashe waya ranar jarrabawa da siminar, ku ƙara da a rage turare. Masu asma kuma ku daina ɓoyewa, ku faɗa wa na kusa da ku, ku nuna musu aljihun da inhela take. Ranar nan sai da muka zazzage jakarta kaf.

'Yar uwar tamu ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, jiya ma ta shigo. Ɗan ajin namu kuma ya je har gida ya ba ta haƙuri, na yaba masa. Amma siminar ɗinta ta riga ta wuce, sai an sake sa rana.

Wanda rubutun nan ya taɓa, ba da shi kaɗai nake ba, har da ni. Akwatin saƙona a buɗe yake, mai zagi ya zo, mai gyara ya zo. Gobe dai muna da lakca ƙarfe biyu, a ɗakin nan mai tagogin da ba sa buɗuwa. Don Allah a tausaya mana.